Fuskar da Na Wanke Ido da Ita

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan duk lafiya muke. Baba lafiyarsa ƙalau, sai ɗan ciwon gwiwar nan da ba ya hana shi zuwa gulbi. Gwaggo Ige tana nan da bakinta, babu abin da ya ragu. Surukinki yana gaida ki, har yanzu in aka ambace ki sai ya gyara zama.

Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma sai dai a karanta miki, kina katse mai karatun kina gyara masa labarin da ba ki riga kin ji ba. Masu bin shafina su ne za su karanta, to su yi haƙuri su tsaya daga gefe, yau da ke nake.

Inna, na haihu. Mace ce. Kada ki tambaye ni da wa ta yi kama tukuna, don wannan tambayar ita ce ta hana ni sakat wata da watanni, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Ke ma in kina ba da labari sai kin ja wa mutum rai, a wurinki na koya.

Kin san kowace mai ciki da irin kwaɗayinta. Wata ƙanzo, wata tsamiya, wata farar ƙasa. Maƙwabciyata a unguwarmu ta Gwadangaji, can Birnin Kebbi, ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa take bi. Ni kuwa ɗiyarki, da na tashi nawa kwaɗayin, sai na ɗauko finafinan ban tsoro. Ni fa, Kulu, wadda in Baba ya dawo kamun kifi ya kawo gaiwa tana motsi cikin kwando nake hayewa bisa turmi ina ihu. Ni da sai kin tsaya mini a bakin banɗaki kina waƙa don in san kina nan.

Ga yadda abin ya fara. Laulayi ya sa ni gaba, ko ruwa ba ya zama a cikina, gwangwanin tofar da yawu kuwa ya zama abokin zamana. Wata rana da azahar, zafin Birnin Kebbi ya kai inda ya kai, aka kawo wuta. Ina kwance ina danne-dannen talabijin sai na faɗa kan wani fim. Wasu mutane ne suka tare a tsohon gida, ashe akwai wani abu a cikin silin yana leƙensu. Ƙaton kai gare shi sumul, ba hanci, idanunsa ramuka biyu baƙaƙe. Na ce bari in canza, hannuna ya ƙi. Har fim ɗin ya ƙare ina maƙure da matashi. Sai da aka fara rubutun ƙarshe na lura ban taɓa gwangwanin ba ko sau ɗaya. Na tashi na ɗumama tuwon shinkafar jiya na cinye tas, har da suɗe kwano.

Daga ranar na samu magani. In tashin zuciya ya taso, sai in sauke labule in kunna dodannina. Gabana yana faɗuwa, cikina yana kwanciya.

Surukinki da farko murna ya yi, tunda ya ga ina cin abinci. Har ya ce zai riƙa taya ni kallo in ya taso daga aiki. Inna, da kin ga jarumin naki. Da zarar kiɗan nan ya fara sauka a hankali, sai ya tuna bai duba tankin ruwa ba. Tankin nan ya sha dubawa a watannin nan fiye da duk tankunan unguwar. In na yi masa dariya sai ya ce, "Ni ba tsoro nika ji ba, ƙara ta ba ni so."

Ana haka Gwaggo ta zo daga Argungu duba ni, da kwandon bandar kifinta da ƙullin daddawa. Tun da kika tafi ta ɗauki kanta ta sa a gurbinki, ba tare da ta nemi izinin kowa ba, kuma wallahi ta yi ƙoƙari. Tun cikin yana ƙarami ta maƙala mini ƙaramin ƙarfe a gefen zane, ta hana ni fita da tsakar rana, ta hana ni tsallake tabarya. Abu ɗaya ne ba ta sani ba. Ranar ta yi sallama ban ji ba, ta ɗaga labule daidai lokacin da mai ƙaton kan nan ya zuro fuskarsa ta silin. Kwandon kifin ya tafi gabas, ita ta yi yamma.

Da ta dawo hayyacinta ta ce, "Kulu, mi nika gani haka? Da ciki? Abin da mai ciki tac cika ido da shi, shi taka haihuwa!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma ina cikin dariyar na tuna da ke. Tun ina ƙarama, in na wangale baki ina kuka ko ina dariya, sai ki kama haɓa ki ce, "Wanga baki naki na tarwaɗa na. Ina da cikinki anka yi shekarar tarwaɗa, ita niy yi ta gyara har kinka zo duniya." Da wannan magana na girma. Yaran makaranta har suna suka sa mini da ita. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko gaskiya ce ba, tunda ke kika faɗa.

Duk da haka na yi kunnen uwar shegu da faɗan Gwaggo. Ranar awo na tambayi nas ɗin da ke duba mu. Ta ce fim ba ya zana wa jariri hanci ko ya goge masa, abin da za ta ce kawai shi ne in na ji zuciyata tana bugu fiye da kima, ko barci ya ƙaurace mini, in bari. Ta gwada jinina ta ce lafiya lau. Na dawo gida da ƙarfin gwiwata na ba Gwaggo labari. Ta taɓe baki ta ce nas ɗin ɗiya nawa ta haifa.

Sai ranar hoton ciki ta zo.

Mun tafi da surukinki, ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Matar da ke ɗaukar hoton ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta juyo mana da allon. Ta nuna mana ƙafa, muka ce masha Allah. Ta nuna hannu, muka ce masha Allah. Sai abin cikin ya juyo da fuska ya dube mu. Inna, ƙaton kai sumul. Ba hanci. Ramuka biyu baƙaƙe. Na ji surukinki ya fara "Innalillahi", ya kai tsakiya ya lanƙwasa ta ya mayar da ita "Masha Allah". Matar ta yi ta dariya, ta ce kowane jariri haka yake fitowa, na'urar ƙashi take gani ba fata ba. Na gyaɗa kai kamar na gamsu. A hanyar komawa gida kife takardar hoton na yi a cinyata har Gwadangaji.

Kuskuren da muka yi shi ne nuna wa Gwaggo. Ta riƙe takardar nesa da ido, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, sannan ta ajiye a hankali ta ce, "Awo. Shi na. Na gane shi, wanda ka leƙowa ta bisa."

Yanzu ina rubutawa ina dariya, amma a ranar jikina ya yi sanyi. Na san Allah ne mai suranta bawa yadda ya so, na san abin da nas ta faɗa, na san komai. Amma na ji tsoro, Inna, tsoro na gaske, ba irin na fim da ake kashewa da ɗan yatsa ba. In na rufe ido sai in ga ranar suna, mata sun cika gidan Baba, kowace ta buɗe zanen jariri ta yi shiru ta mayar ta rufe. In ji ana raɗa cewa uwar ce ta jawo, an hana ta ba ta hanu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, zai ɗauki fuskar da kwaɗayina ya zaɓa masa har ƙarshen ransa.

Na daina kallon. Ba a yi kwanaki ba laulayin ya dawo da ƙarfinsa, har da ramuwar gayya. Na koma kwance, gwangwani ya dawo bakin aiki. Da abin ya yi tsanani, surukinki da kansa ya ɗauko abin canza tasha ya ajiye kusa da hannuna, ya fita duba tanki.

Gwaggo ta ga dai ba sarki sai Allah. Ta zauna ta yi tunani, sai ta ce akwai abin da tsofaffin unguwarku suke yi, wai shi wankin ido. In mai ciki ta yi gamo da mugun gani ba da sonta ba, ko mushe a bakin gulbi ko wani mummunan kifi a cikin koma, to kafin ta ci wani abu ko ta kwanta sai a zaunar da ita ta dubi kyakkyawar fuska, ta yi ta duba har zuciyarta ta kwanta. Na baya shi ke goge na farko. Ta ce in dai ba zan bar dodanni ba, to kowane fim da wankinsa.

Aka shiga neman fuska. Surukinki ya gyara hula ya zo ya zauna gabana. Gwaggo ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai dai Allah shi yi ma albarka, halinka muka so." Na buɗe waya na nuna mata hotunan jarirai masu kumatu, ta ture hannuna ta ce ɗiyan wa, na san halin uwayensu? A wurinta ido ba kyau kaɗai yake ɗauka ba, har hali yana kwasowa. Can sai ta ce, "Ina hoton Ta Augie?"

Kin san ita kaɗai ke kiranki haka, tun ranar da aka kawo ki gidan ƙanenta daga Augie kina amarya.

Hoton da take nufi shi ne wanda aka ɗauke ki ranar bikina, aka sa a gilashi. Watanni kaɗan bayan bikin kika kwanta, kwanciyar da ba ki tashi ba. Da aka share makoki na naɗe hoton cikin tsohon mayafinki na tura shi ƙasan akwati, na danne da zannuwan lefe. Hotunanki na cikin wayata ma in na zo kusa da su sai in wuce da sauri. Ba mantawa na yi da ke ba. Addu'a ba ta taɓa yankewa ba. Fuskar ce ba na iya duba, don da na hango ta sai in tuna babu ita a ko'ina sai a takarda.

Na ce wa Gwaggo a nemi wata. Ta kafe ta ce, "Ko ki bar dodanni, ko ki dibi uwarki."

Ranar farko ban wanke komai ba sai fuskata da hawaye. Gwaggo ta jingina hoton a kan kujera, ta fita tsakar gida tana gyaran kifi da ƙarfi don kada in ji ita ma tana jan hanci. Rana ta biyu ma haka. Amma kin san kwaɗayi ba shi da kunya. Ina son fim ɗina, fim kuma sai da wanki, don haka na ci gaba da zama gabanki.

A hankali kukan ya ja baya, na fara ganinki. Na ga girar hagun nan da ta fi ta dama tashi, wadda in kika ɗaga ta mun san a bar wasa. Na ga kunnen da ɗan kunne ya taɓa yagawa. Na ga ɗaurin ɗankwalinki ya karkace, don ranar ba ki zauna ba tun asuba. Na ga kin damƙe leɓe gam, kamar mai riƙe ruwa a baki.

Sai na fara ba ki labarin finafinan. In an gama in juyo in ce miki, Inna, kin ga sakarcin matar nan, ta ji motsi a ɗakin da ba kowa, maimakon ta fita ta tara maƙwabta sai ta ɗauki fitila ta shiga. In ji ki a kunnena kina cewa, "Wa ya aike ta?" kamar yadda kike ce wa duk wanda ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa. Zan faɗa miki gaskiya, daga baya laulayin ya tafi abinsa, ina cin komai. Amma ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da kunna dodanni, wani lokacin ma ina tura fim ɗin gaba don ya yi saurin ƙarewa, in samu hujjar zama da ke.

Da ciki ya tsufa aka mayar da ni Argungu goyon ciki, ɗakinki aka share mini. Damina ta kankama, fadama ta yi kore shar da shinkafa, wuta kuwa sai an ga dama. Na koma kallo a waya, da hantsi, a inuwar darbejiyar tsakar gida. Gwaggo ce mai tsaron doka, tana zama kusa da ni wai don ta tabbatar an yi wanki. Da farko baya take ba wayar. Sai ta fara waiwaye. Kafin a jima ta koma kallo sosai ta tsakanin yatsu, tana yi wa mutanen ciki faɗa, tana gaya musu inda abin ya ɓuya. Ranar da na ce mata ita ma ta zo a wanke mata ido, cewa ta yi, "Ni ciki gare ni?"

A ƙarƙashin darbejiyar nan na yi ƙarfin halin buɗe bidiyon bikina a karon farko. Ga ki tsakiyar mata, wata ta faɗi abin dariya, kin manta ana ɗauka kin saki dariya gaba ɗayanta. Na tsayar da hoton. Na kalle shi, na ɗauko madubi na kalli kaina. Inna! Bakin nan naki ne! Daga wannan kunne zuwa wancan, babu abin da ya bambanta shi da nawa. Ashe shi ya sa duk hoton da za a ɗauke ki sai kin damƙe leɓe. Shekara da shekaru kin ɗora wa tarwaɗa laifi, baiwar Allah tana cikin ruwa ba ta san ana yi ba. Na nuna wa Gwaggo, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi, ta ce, "Kowa ya sani, wa ka iya hwaɗa mata?"

Wannan ya rage mini nauyi, amma bai ɗauke duka ba. Tsoron mai ciki ba ya jin hujja. Har ranar da naƙuda ta tashi, takardar hoton nan mai ramuka biyu tana nan a raina.

Da safe na haihu a asibiti, ana yayyafi. Na sha wuya, na kira sunan Allah, na kira ki, a wannan tsarin. Da na ji kukan jaririya sai na runtse ido na juya fuska bango. Ungozomar ta ɗauka kunyar ɗan fari ce, har tana yaba tarbiyyata. Ba kunya ba ce, Inna, tsoro ne tsagwaronsa. Na kasa kunne ina jiran in ji me Gwaggo za ta ce, don ita aka miƙa wa.

Gwaggo ta yi shiru. Matar da ko a barci bakinta ba ya hutawa. Shirun ya yi tsawo har na ce a raina shi ke nan, ta faru. Sai na ji wani irin sauti, na rasa kuka ne ko dariya. Ta matso ta dafa kafaɗata ta ce, "Kulu, buɗe ido. Ta Augie ta dawo."

Na buɗe. Hanci yana nan daram, har da ɗan tsininsa. Idanu biyu lafiyayyu, a lumshe. Ta yamutsa fuska ta ɗaga girar hagu, kamar an tashe ta ba da izininta ba. Ina cikin kallonta sai ta yi hamma. Inna, bakin! Ni da Gwaggo muka fashe da dariya lokaci guda, muna yi hawaye yana zuba, ungozoma ta tsaya tana kallonmu ta rasa abin da ya same mu.

Da muka koma gida aka kai wa Baba ita a zaure. An ce ya daɗe yana dubanta, ya tofa mata addu'a, ya mayar, sannan ya ɗauki hularsa ya ce zai je gulbi duba jirginsa. Jirgin da ya duba da asuba. Maza dai kowa da tankinsa.

Yanzu gardama ta rabu biyu. Gwaggo tana bin gidajen unguwa tana cewa wankin idonta ne ya yi aiki, ba don ita ba da sai dai a yi suna cikin silin. Nas ɗin da na koma wurinta ta ce jini ne, jika ta ɗauko kakarta, ba yau aka fara ba. Surukinki ya ce Allah ne ya yi ikonsa, yana kuma neman a yarda cewa kunnuwan nasa ne, ba wanda ya kula shi. Ni ban shiga gardamar ba. Abin da na sani shi ne dodanni sun kore ni har ƙasan akwati, inda na ɓoye ki, suka sa na fito da ke.

An raɗa mata sunanki. Tunda ba mai iya kiransa a gidan nan, Ummi muke ce mata, Gwaggo kuwa ta ƙi, Ta Augie take kira. Ita ke yi mini wankan jego, ruwanta kamar za a fige kaza, in na yi ƙara ta ce wadda ta iya kallon dodo ba ta tsoron ruwan zafi. Finafinan kuwa, ranar nan na gwada kunna ɗaya, kiɗan kawai na ji na jefar da wayar. Kulunki ta da ta dawo, matsoraciya kamar yadda kika bar ta.

Hotonki yana rataye a bango yanzu, inda duk mai shigowa zai gani. A gaban mutane ina kawar da kai daga Ummi yadda ake so uwar ɗan fari ta yi. Amma da zarar ɗakin ya zama daga ni sai ita, sai in ɗauke ta in zuba mata ido, in yi ta kallo har zuciyata ta kwanta. Ba fim, ba mugun gani, ba dokar Gwaggo. Kewarki ce take tasowa, in wanke ta da fuskarki.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, har da ƙazafin da kika yi wa tarwaɗa. Ya raya mini Ummi bisa imani, ya ba ta halinki kamar yadda ya ba ta girarki. Ya sauki duk mai ciki lafiya, ya tsaya wa waɗanda za su haihu babu uwa a kusa. Ya haɗa mu a Aljanna, inda za ki yi dariyarki gaba ɗaya ba sai kin damƙe leɓe ba. Amin.

Ɗiyarki mai bakinki,
Kulu
Argungu